Hunturun Farko na 'Yan Awaki Takwas: Nazarin Abin da Ya Faru a Wata Ƙaramar Gona

A tsakiyar watan Satumba wata mata mai kiwon awakin madara ta nemi in je in duba mata garkenta. Gonarta tana cikin irin ƙasashen nan da dusar ƙanƙara ke lulluɓe ƙasa wata huɗu zuwa biyar, inda ruwan da aka bari a bokiti da daddare ke wayar gari ya daskare kamar dutse. Shekararta uku tana kiwo, amma kullum takan sayar da 'yan awakin kafin sanyi ya kankama. A waccan shekarar ce ta yanke shawarar riƙe su don ta faɗaɗa garke. Manyan awakin sun saba da hunturu, ba su ne damuwarta ba. Ƙananan ne ke hana ta barci.

Su takwas ne. An haifi shida tsakanin ƙarshen Maris da tsakiyar Afrilu, jinsin Saanen ne da aka gauraya: mata uku, taure biyu da aka dandaƙe tun suna da mako biyu, da ɗan bunsuru guda da aka bari don iri. Sauran biyun tagwaye ne mata, masu dogayen kunnuwan jinsin Nubiyan, waɗanda uwarsu ta makara ta haifa a tsakiyar Yuli. Ɗaya daga cikin tagwayen ƙarama ce ƙwarai, matar tana kiran ta Auta, ni ma da haka zan kira ta.

Tun kafin mu shiga garke ta nuna mini tanadin da ta yi. Ga fitilun ɗumama ɗaki guda biyu masu ƙarfin wat 250, ga 'yan riguna takwas da ta ɗinka da hannunta, ga naɗin leda mai kauri da za ta rufe duk wata kafa ta ɗakin, ga kuma buhunan tsaba. Duk wanda ya ga wannan ya san matar tana son dabbobinta. Sai dai ta yi wa akuya tunanin ɗan Adam ne. Mutum idan ya ji ɗari yakan rufe ƙofa, ya hura wuta, ya ƙara mayafi. Ita kuwa akuya ɗuminta daga cikinta yake fitowa, aikin mai kiwo shi ne ya gina wannan ɗumin tun kaka, sannan ya kare shi daga jiƙa da iska mai kaɗawa. Kusan duk abin da ya faru a wata shidan da suka biyo baya a kan wannan bambanci ya ta'allaƙa.

Abin da hannu ya gano

Ido yana ruɗin mai kiwo a lokacin kaka, domin gashi ya fara kauri, ramammiyar dabba sai ta yi kama da mai ƙiba. Shi ya sa muka kama su ɗaya bayan ɗaya muka lalube su. Akuya ba ta tara kitse a ƙarƙashin fata yadda tunkiya ko saniya ke yi, mafi yawan kitsenta a cikin ciki yake, kewaye da hanji da ƙoda. Wurare uku ake taɓawa: ƙashin baya daga bayan haƙarƙari zuwa ƙugu, haƙarƙarin kansa, da ƙashin ƙirji tsakanin ƙafafun gaba. Ma'aunin da aka saba da shi daga 1 ne zuwa 5, kuma ana so dabba ta shiga hunturu tana kusa da 3, wato ka ji ƙashi idan ka danna amma da nama a kansa.

Shidan farko ba su da laifi. Nauyinsu tsakanin kilo 25 ne da 30. Babbar tagwayen kilo 12 ce. Auta kuwa kilo 9, kuma da na ɗora tafin hannuna a bayanta sai na ji ƙashin yana sukar hannu kamar haƙoran zarto. Gashinta ba ya sheƙi, cikinta ya yi tulu, akwai busasshen zawo a ƙarƙashin wutsiyarta. Na ja fatar idonta ta ƙasa na duba launin cikin. Akwai wani kati da ake kira FAMACHA wanda masana a Afirka ta Kudu suka ƙirƙiro, yana da launi biyar, daga ja wur na lafiyayyar dabba zuwa fari fat na wadda tsutsar ciki ta shanye wa jini. Idon Auta ya faɗa a mataki na 4, wani ruwan hoda mai kashe-kashe.

Muka tattara kashinsu a 'yan ledoji, kowa da nasa, aka kai wa likitan dabbobi. Sakamakon ya nuna tagwayen biyu suna ɗauke da koksidiya mai yawa, Auta kuma ga tsutsar ciki a kai. Koksidiya ba tsutsa ba ce, wata ƙwayar halitta ce mai suna Eimeria da ke shiga bangon hanji ta hayayyafa ta farfasa shi, don haka maganin tsutsa ba ya kashe ta. Ta fi kama 'yan awaki daga mako uku zuwa wata biyar, musamman inda shimfiɗa ke da danshi ko aka cunkusa su. Abin da ya sa na dage a kan wannan gwaji shi ne, hanjin da ya lalace ba ya tsotse abinci yadda ya kamata. Ko ka cika komi da ciyawa mafi kyau, rabin amfaninta zubewa zai yi. Likitan ya ba da maganin kowace cuta daban, aka sake gwaji bayan mako biyu. Sauran shidan ba a ba su maganin tsutsa ba, tunda ba su nuna bukata ba, kuma yawan ɗura wa garke magani ba gaira ba dalili shi ke sa tsutsa ta daina jin magani.

Rigakafin ciwon hanji na ƙwayar Clostridium da na sarƙewar haƙora allura biyu ce, da tazarar mako uku zuwa huɗu. An yi wa shidan ta farko, aka manta da ta biyu, tagwayen kuwa ba a yi musu ko ɗaya ba. Aka sake wa kowa daga farko. Muka yanke musu kofato, domin laka da dusar ƙanƙara mai narkewa suna maƙalewa a kofaton da ya yi tsawo har ya ruɓe.

Ɗan bunsurun nan a ranar muka raba shi da matan. Watansa biyar, ya riga ya fara wari, kuma ɗan bunsuru yana iya yin barbara tun yana wata uku ko huɗu. Awakin ƙasashen sanyi da raguwar tsawon yini suke shiga lokacin barbara, wato daidai wannan lokaci na kaka. Cikin akuya kwana 150 ne ko kusa da haka. Da ya hau ɗaya daga cikin 'yan matan a Satumba, da ta haihu a Fabrairu, tsakiyar tsananin sanyi, ita kanta ba ta gama girma ba. Aka kai shi wani sashe tare da wani tsohon taure don kada kaɗaici ya dame shi. Gwajin da aka yi daga baya ya nuna babu wadda ta ɗauka.

Murhun da ke cikin tumbi

A nan muka fi daɗewa muna magana da mai gonar, don shi ne jigon al'amarin. Tumbin akuya wuri ne da ƙwayoyin halitta marasa adadi ke narkar da ciyawa, kuma wannan narkarwa da kanta zafi take fitarwa. Busasshiyar ciyawa mai dogon kara ta fi daɗewa ana aikinta a tumbi, don haka ta fi ba da ɗumi mai ɗorewa. Tsaba kuwa nan da nan take narkewa, idan ta yi yawa ta tsamar da tumbi, ta buɗe wa ciwon hanji ƙofa. Akuyar da ta kwanta da tumbi cike da ciyawa, tana tuƙa cikin dare, tamkar ta kwana da garwashi ne a jikinta. Wadda kominta ya ƙare tun magariba, ita ce za ka tarar da asuba tana rawar ɗari.

Ɗan akuya ba a haife shi da wannan murhu a kunne ba. Da farko madara wucewa take yi kai tsaye zuwa ciki na huɗu, wato na ƙarshe a sassa huɗu na cikin akuya, tumbin kuwa ƙarami ne, sai ya fara tsinkar ciyawa da ɗan abinci mai tauri sannan ya buɗe, abin da ke ɗaukar wata biyu zuwa uku. Tagwayen suna da mako tara a lokacin, kuma matar ta yi niyyar yaye su a ƙarshen watan don ta samu madarar uwar. Na roƙe ta ta haƙura. Yaye kansa wahala ne ga ɗan akuya, to ina ga an haɗa masa yaye da ciwon hanji da sanyin farko a mako guda? Ta yarda, duk da ta yi asarar madarar wata ɗaya da rabi. Aka bar su da uwarsu har farkon Nuwamba, aka kuma yi musu wani ɗan lungu mai ƙaramar ƙofa da su kaɗai ke iya shiga, inda suke samun ciyawa mai laushi da ɗan abincin girma ba tare da tunkuyin manya ba.

Muka yi lissafin ciyawa a kan takarda. Ɗan akuya mai tasowa yana cin busasshen abinci da ya kai kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na nauyinsa a kowace rana, wato mai kilo 28 zai ci kusan kilo ɗaya. Su takwas, a kwana 200 na rashin kiwo a fili, kilo 1,600 ke nan. Akuya kuwa gwana ce wajen ɓarna, duk abin da ya faɗi ƙasa ta taka ba za ta ci ba, saboda haka muka ƙara kashi ɗaya bisa huɗu, ya zama tan biyu. Abin da ta tanada bai kai haka ba, ta ƙaro tun ana samu. Na buɗe damin ciyawar da dama na shinshina tsakiyarsu. Biyu suna da ƙurar funfuna, muka fitar da su. Ruɓaɓɓen abinci yana iya ɗauke da ƙwayar listeriya, wadda ke taɓa ƙwaƙwalwa har ka ga dabba tana zagaye wuri ɗaya, fuskarta ta karkace.

Gishirin lasar da na tarar a ɗakin na tumaki ne. Wannan kuskure ne da ake yawan yi. Tunkiya ba ta jure sinadarin tagulla da yawa, don haka ba a sa shi a nata, akuya kuwa tana bukatarsa fiye da ita. Aka sauya da garin ma'adinai na awaki, a ƙaramin akushi da aka kafe a bango inda ƙafa ba ta kaiwa.

Sai batun riguna. Na buɗa gashin ɗaya daga cikin 'yan Saanen ɗin da yatsu na ce ta leƙa. A ƙarƙashin dogon gashin akwai wani laushin gashi kamar auduga da ya fara tsirowa. Raguwar hasken rana ce ke sa shi fitowa, tun bayan tsakiyar shekara, kuma irinsa ne ake tsefewa daga awakin Mongoliya da China a yi tufafin kashmiya masu tsada. Idan sanyi ya yi, dabbar takan miƙar da gashinta ya tashi tsaye ya riƙe iska mai ɗumi. Riga danne shi take yi, idan kuma ta jiƙa da fitsari ko dusar ƙanƙara sai ta zama ita ce mai zuƙe ɗumin jiki. Muka yi yarjejeniya a ajiye rigunan don maras lafiya kawai. Na ga ranta bai so ba, dare nawa ta yi tana ɗinkinsu, amma ta ninke su ta sa a akwati.

Ɗakin kwana

Ɗakin na katako ne, ƙofarsa tana kallon kudu, abin da ya yi daidai tunda iskar sanyi a wurin daga arewa da yamma take bugowa. Matsalarsa ita ce tsagogin da ke tsakanin katakai daga ƙasa, daidai inda ɗan akuya ke kwantar da haƙarƙarinsa. Muka toshe su daga ƙasa har tsayin ƙirjin mutum. A can sama, ƙarƙashin rufi, akwai wata doguwar kafa mai faɗin tafin hannu a ɓangarori biyu. Na ce wannan kada a taɓa ta, ko sanyi ya kai ina.

Dalilin shi ne awaki suna fitar da tururi mai yawa da numfashinsu, fitsarinsu kuma yana tayar da iskar amoniya. Dole wannan gurɓatacciyar iska ta samu mafita ta sama. Iska mai kaɗawa a jikin dabba ita ce abokiyar gaba, iskar da ke shiga ta sama ta fita ta sama kuwa ita ce lafiyar huhu. Na nuna mata gwaji biyu da ba sa bukatar na'ura. Ta durƙusa a kan shimfiɗa na ɗan lokaci: idan gwiwarta ta jiƙe, shimfiɗar ta yi kaɗan. Tana durƙushen kuma ta sunkuyar da kai daidai tsayin hancin ɗan akuya ta shaƙa: idan zarni ya sa idonta yaji, iskar ɗakin ba ta fita.

Shimfiɗa muka yi mai zurfi da bambaron alkama, wanda ramin cikin karansa ke riƙe iska, kuma ɗan akuya yana iya nutsewa a ciki har ƙafafunsa su ɓace. Maimakon kwashewa kullum, sai a riƙa zuba sabo a kai, na ƙasan yana ruɓewa a hankali yana ba da ɗan ɗumi. Fitilun kuwa na ce a mayar da su cikin kwalinsu. Akuya tana ɗare komai, tana tauna waya, ga bambaro busasshe a ƙasa, ga ƙura a sama. Gobarar ɗakin dabbobi da yawa daga irin wannan fitila take tashi, kuma cikin dare take tashi, lokacin da babu mai gani. Ko babu gobara, dabbar da ta saba da fitila ba ta saba da sanyi ba, ranar da lantarki ya ɗauke a daren guguwa ta shiga uku.

Oktoba da Nuwamba suka wuce lafiya. An yaye tagwayen, Auta ta kai kilo 14, launin idonta ya dawo.

Disamba

A mako na biyu na Disamba sanyi ya sauka zuwa digiri 18 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. Matar ta shiga ɗakin da dare, ta ji iskar da ke shigowa ta saman nan a fuskarta, hankalinta ya tashi. Washegari ta ɗauko ledar nan ta buga ta da ƙusa, ta rufe kafofin biyu ruf. Ba ta gaya mini ba, daga baya ta ce ta san abin da zan ce.

Kwana tara bayan haka ta kira ni. Da na buɗe ƙofa, zarni ne ya fara tarbata. Ɗakin ya fi waje ɗumi, gaskiya ne, amma ɗumi ne mai nauyi, mai laima. Kan kowace ƙusa ta rufin ya yi farin gemu na ƙanƙara, kuma da rana ta ɗaga sai ya narke yana ɗiga a bayan dabbobin. Na shafa bayan ɗaya, gashin ya jiƙe ya kwanta. Uku suna tari. Ɗaya daga cikin 'yan matan Saanen tana tsaye a lungu, ta takure, kunnuwa sun faɗi, majina mai kauri a hanci, ba ta ko kalli ciyawa ba. Zafin jikin akuya mai lafiya yana tsakanin digiri 38.5 da 39.7. Nata 40.8 ne.

Ƙwayoyin da ke kawo ciwon huhu a awaki, irin su Mannheimia da Pasteurella, sau da yawa suna zaune a hanci da maƙogwaron lafiyayyar dabba ba tare da sun cutar da ita ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Amoniya tana ƙona 'yan siraran gashin da ke share hanyar numfashi, laima kuma tana riƙe ƙwayoyin cuta a iska, daga nan sai su gangara huhu. Likita ya zo a ranar ya yi mata allura, ya duba sauran biyun. Mu kuma muka ciccire ledar, muka kwashe saman shimfiɗar da ya jiƙe, muka zuba sabo. Bayan kwana huɗu ta koma cin abinci, tarin sauran ya lafa cikin mako biyu. Ban ga amfanin yi wa matar faɗa ba. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon tururin da ke fita ta kafar da muka buɗe kamar hayaƙi, ta gane da idonta abin da baki ya kasa fahimtar da ita.

Janairu, da tauren da muka rasa

Wannan ɓangaren ya fi mini nauyi, domin akwai hannuna a ciki. Ni na ce a ci gaba da ba tagwayen ɗan abincin tsaba bayan yaye, kuma haka ya dace da su. Amma da suka girma har ƙofar lungunsu ta yi musu kaɗan, aka koma zuba abincin a komi ɗaya da kowa, ban bi sawu na tambaya ba. Taure biyun nan su ne ƙarfafa, su ke ture kowa su cinye kaso mafi tsoka. Da sanyi ya ƙaru matar ta ƙara yawan tsabar, da nufin taimako. Ruwa kuma sau ɗaya ake kawowa da safe, kafin azahar ya daskare.

Abu biyu ke nan suka haɗu. Tsaba tana da sinadarin fosfaras da yawa, alhali abincin namijin akuya ana so kalshiyam ya ninka fosfaras sau biyu. Idan fosfaras ya yi yawa, ruwan sha ya yi kaɗan, fitsari sai ya yi kauri ya fara tara tsakuwa. Mace tana fitar da ita cikin sauƙi. Namiji kuwa hanyar fitsarinsa doguwa ce, siririya, tana da lanƙwasa, a ƙarshenta kuma akwai wani ɗan tsinke da tsakuwa ke yawan maƙalewa. Likitoci da yawa suna ganin dandaƙa da wuri tana ƙara haɗarin, saboda hanyar ba ta samu ta buɗe sosai ba.

Wata safiya ta ga ɗaya daga cikinsu yana miƙe jiki, yana nishi, yana kaɗa wutsiya, yana kuka ƙasa-ƙasa. Ta ɗauka kashi ne ya ƙi fita, ta ba shi ɗan mai ta jira. Da ta duba gashin gaban cikinsa da ta gan shi a bushe, da 'yan ƙwayoyi kamar gishiri a manne. Washegari ya yi shiru ya daina kuka, ta ji daɗi tana zaton sauƙi ne. Ashe mafitsara ce ta fashe, zafin matsewar ya tafi, fitsari yana taruwa a cikin ciki. Da likita ya iso babu abin yi sai a hutar da shi. Namijin akuyar da ke yunƙuri ba fitsari, a ɗauke shi a matsayin mai toshewar mafitsara har sai an tabbatar ba haka ba ne, kuma awoyi ake ƙirgawa, ba kwanaki ba.

A ranar muka cire ɗaya tauren daga tsaba gaba ɗaya, likita ya rubuta masa sinadarin amoniyam kulorayid da ke tsamar da fitsari. Ruwa ya koma sau uku a rana, mai ɗumi, a bokitin roba da aka zaunar cikin tsohuwar taya aka cusa bambaro a kewaye. Na tsaya na ga yadda suka yi layi a kan ruwan ɗumin nan suna zuƙa ba ɗagawa, har cikinsu ya fito. Ƙishirwa suke fama da ita makonni, a tsakiyar dusar ƙanƙara, ba mu lura ba.

Daren Auta

A farkon Fabrairu aka yi dare mafi sanyi na shekarar, digiri 24 ƙasa da sifili. Da asuba matar ta tarar da sauran a dunƙule wuri ɗaya, wuyan wannan a bayan wancan, Auta kuwa tana kwance ita kaɗai kusa da ƙofa. Ta kira ni, na ce ta sa yatsa a bakinta. Ta ce sanyi ƙalau. Ma'auni ya nuna 37.2.

Abin da ta fara ɗaukowa kwalbar madara ce, na hana ta. Dabbar da zafin jikinta ya faɗi ƙasa da 37.8 ba ta iya narkar da abinci, haɗiya ma ba ta yi sosai, abin da aka ɗura mata yana iya wucewa huhu. Ɗumi ne farko. Ta shigar da ita cikin gida, ta naɗe kwalaben ruwan ɗumi da tawul ta jera mata a ƙirji da ciki, ta lulluɓe ta, tana aunawa duk bayan rabin awa. Wajen awa biyu Auta ta fara karkarwa, wanda alama ce mai kyau, jiki ya karɓi aikinsa. Da ta haura 38.5 ta ɗaga kai ta sha ruwan ɗumi da kanta, sannan ta ja ciyawa.

'Yar akuya mai wata bakwai ba ta sanƙarewa haka kawai, don haka da na iso na bi jikinta da kyau. Na buɗa gashin wuya da kafaɗa a gaban taga, sai ga ƙwarƙwata, masu duhun launi, sun kafa kai a fata, ga ƙwai a manne a gindin gashi. Irin masu shan jini ne. Hunturu ne lokacinsu, gashi ya yi kauri, dabbobi suna kwana a manne, rana ba ta taɓa fata. Idonta ya sake kashewa. Ga shi kuma ita ce ƙarama, ana ture ta daga komi, ana ture ta daga tsakiyar dunƙulen kwana. Aka yi wa garken duka maganin ƙwarƙwata, aka maimaita bayan mako biyu saboda ƙwan da za su ƙyanƙyashe. Aka ƙara komi na biyu a ɗaya bangon don kada mai ƙarfi ɗaya ya tsare abinci. Aka keɓe Auta da 'yar'uwarta a wani sashe na ɗakin da shingen waya, suna ganin sauran, suna kwana jikin juna. A nan ne ɗaya daga cikin rigunan nan ta yi amfani. Ta sa ta mako uku, ana cirewa kullum a duba ko ta jiƙe, a shafa bayanta a ji nama. Ba a bar ta ta kwana a cikin gida fiye da dare ɗaya ba, don kada jikinta ya saba da ɗumin da ba za ta samu a garke ba.

A ƙarshen Maris na koma da ma'auni. Bakwai suka fito daga hunturun. 'Yan Saanen mata uku suna tsakanin kilo 38 da 42, har da wadda ta yi ciwon huhu, ko da yake ita ce ta baya a cikinsu kuma takan yi ɗan tari idan ta yi gudu. Babbar tagwayen kilo 27, Auta 21. Ƙa'idar da muka bi ita ce kada a kai 'yar akuya barbara sai ta kai kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na nauyin babbar akuyar jinsinta, don haka sai an sake auna Auta a kaka kafin a yanke hukunci a kanta. Matar ta sa an buga ragar waya a kafofin saman nan, ta kuma tsayar da ranar da za a raba bunsuru da mata don kada a sake haihuwar Yuli. Tauren da ya rage yana kan ciyawa da ruwa da ma'adinai kawai. Laushin gashin nan na ƙasa ya fara zuba, yana maƙale a jikin shinge curi-curi inda suke goga jiki, Auta kuma tana can kan wani kututture a tsakar garke, ta rufe ido tana tuƙa a rana.